Baƙuwa a Kan Titi: Daga Kafanchan Zuwa Ingila

A ƙauyukan Kagoro ko Zonkwa, saurayi kan yi tunani kafin ya tare yarinya a hanya, domin kowa ya san 'yar gidan wa ce, kuma kafin yamma magana ta isa kunnen mahaifinsa. Wannan garkuwar ce ke faɗuwa ranar da ta bar gida.

Kafanchan gari ne na baƙi tun zamanin da ya zama mahaɗar layin dogo. A yau ɗalibai mata na kwarara zuwa reshen Jami'ar Jihar Kaduna, da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Mai tsangwama kuwa yana gane sabuwar zuwa tun daga tasha: tana tambayar hanya, ba ta san kuɗin acaɓa ba. Daga "'yan mata, ji mana" sai fito, sai jan hannu, in ta yi shiru a ce girman kai gare ta. Abin haushi, masu kallo sukan ɗauke shi wasan samari.

Doka ba ta ɗauke shi wasa ba. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta sanya bibiyar mutum cikin laifuffuka, jihar Kaduna ma ta kafa tata a 2018. Idan lamarin ya kai ga fyaɗe, akwai Cibiyar Salama a Asibitin Patrick Yakowa da ke Kafanchan, inda ake duba lafiya da ba da shawara kyauta.

Wadda ta haye Ingila aikin jinya takan zaci ta rabu da wannan. Ina! A 2021 wani ɗan sanda ya sace Sarah Everard a titin Landan ya kashe ta, kuma a 2023 majalisar ƙasar ta zartar da doka kan tsangwamar mata a bainar jama'a. Faransa ma a 2018 ta fara cin tarar Yuro 90 nan take kan irin wannan tsangwama.

Sai dai baƙuwa takan haɗiye abin, don tsoron kada kai ƙara ya taɓa takardun zamanta, alhali mai laifin ake tuhuma, ba ita ba. Lambar gaggawa a Ingila 999 ce, a ƙasashen Tarayyar Turai 112, kuma kiran kyauta ne.