Aikin Gayya a Filayen Wasan Yara na Ƙauyukan Ingila: Dalilai da Sakamako

Filin wasan yara a ƙauyen Ingila ƙaramin wuri ne da aka kewaye da gajeren shinge, galibi a gefen filin ƙwallo ko a bayan zauren taron gari. A cikinsa akwai lilo biyu ko uku, da abin zamiya, da sandunan hawa, da benci inda iyaye ke zama suna sa ido. A ƙauyuka da yawa, masu yanke ciyawar wurin, da masu shafa wa ƙarafan fenti, da masu nemo kuɗin sabon lilo mazauna garin ne da ba a biyansu ko kwabo. Wannan aikin sa-kai ya daɗe, sai dai tun daga shekarar 2010 nauyin da ke wuyansa ya ƙaru matuƙa, har ya kai ga a wurare da dama in babu 'yan sa-kai to babu filin.

Asalin filayen

Dokar ƙananan hukumomi ta 1894 ce ta kafa majalisun ƙauyuka a Ingila, ta kuma ba su ikon mallakar fili don wasa da shaƙatawa. Waɗannan majalisu, waɗanda a yau yawansu ya kai kimanin 10,000 idan aka haɗa da na ƙananan garuruwa, su ne matakin mulki mafi kusa da jama'a. Kansilolinsu galibi ba sa karɓar albashi, kuma ma'aikacin da yawancinsu ke biya shi ne magatakarda mai aikin 'yan sa'o'i a mako. Ke nan tun daga tushe mulkin ƙauye a kan sa-kai ya ginu.

A 1925 aka kafa ƙungiyar kare filayen wasa ta ƙasa, wadda tun 2007 ake kira Fields in Trust. Bayan rasuwar Sarki George na Biyar a 1936, an tara gudummawa aka samar da filaye 471 a faɗin Birtaniya don tunawa da shi, tare da sharaɗin cewa ba za a sayar da su ko a yi gini a kansu ba. Wasu filayen kuma masu gonaki ne suka bayar kyauta, ko mutanen gari suka haɗa kuɗi suka saya don tunawa da 'ya'yansu da suka mutu a yaƙin duniya. Shi ya sa har yau mallakar filayen ta kasu: wani na majalisar ƙauye ne, wani na kwamitin amintattu ne, wani kuma na ƙaramar hukumar gunduma. Wannan rarrabuwa ita ke nuna wanda zai amsa tambaya idan abu ya lalace.

Abin da ya ƙara wa 'yan sa-kai nauyi

Dalili na farko shi ne tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2008 gwamnatin jam'iyyar Leba ta fara wani shiri na fam miliyan 235 don ginawa ko gyara filayen wasan yara 3,500. Gwamnatin haɗin gwiwa da David Cameron ya jagoranta ta dakatar da sauran kuɗin shirin a 2010, ana tsakiyar aiki. Daga nan kason da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomi ya yi ta raguwa. Ofishin binciken kuɗi na ƙasa ya bayyana a 2018 cewa a cikin shekara bakwai kason ya ragu da kusan rabi, idan aka yi la'akari da hauhawar farashi.

Dalili na biyu yana cikin doka. Kula da tsofaffi, da kare yara marasa galihu, da kwashe shara ayyuka ne da doka ta wajabta wa ƙananan hukumomi. Lambunan shaƙatawa da filayen wasa ba sa cikin wajibai. Duk lokacin da kuɗi ya yi kaɗan, a kansu wuƙa ke fara sauka. Hukumomin gundumomi da yawa sun miƙa filayensu ga majalisun ƙauyuka, wasu a kan haya ta shekaru masu yawa, wasu kyauta. Majalisar ƙauye na da ikon ɗora ƙaramin haraji a kan harajin gidaje, kuma ba a ƙayyade mata ƙarin da za ta yi kamar yadda aka ƙayyade wa manyan majalisu ba. Amma ƙauye mai gida ɗari uku, ko an ƙara harajin, abin da zai tara ba ya isa sayen sabbin kayan wasa da shimfiɗa dabe a ƙarƙashinsu.

Dalili na uku shi ne yadda tallafi ke zuwa. Asusun cacar ƙasa da aka fara a 1994 yana ba ƙungiyoyin al'umma ƙananan tallafi. Akwai kuma asusun da aka kafa a 1996, wanda kamfanonin binne shara ke zuba wani kaso na harajinsu a ciki don ayyukan garuruwan da ke cikin mil goma daga jujin. Masu gina sabbin gidaje su ma suna biyan kuɗin raya ƙasa, inda majalisar ƙauye ke samun kashi 15 cikin ɗari, ko kashi 25 idan tana da tsarin raya unguwa da aka amince da shi. Yawancin waɗannan ƙofofi ba sa buɗewa sai ga ƙungiya mai tsarin mulki a rubuce, da asusun banki, da shaidar cewa an tuntuɓi jama'a. Wasu kuma sai an kawo wani kaso daga wata hanya, kamar kashi 10 cikin ɗari da asusun juji ke nema, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan ya sa iyaye suka riƙa kafa ƙungiyoyin "abokan fili" domin su cika sharuɗɗan.

Dalili na huɗu daga zukatan iyaye ya fito. A ƙauyen da shagonsa ya rufe, motar haya kuma ba ta zuwa sai sau biyu ko uku a rana, filin wasa ne wurin da ya rage wanda ake shiga ba tare da biyan kuɗi ba. An ƙara gane darajarsa lokacin annobar korona, sa'ad da aka rufe filayen wasan yara daga ƙarshen Maris zuwa 4 ga Yulin 2020, yara suka shafe fiye da wata uku suna hangen lilo an ɗaure shi.

Yadda aikin ke gudana

Aikin iri uku ne. Akwai na hannu, wanda ake yi ranar Asabar ko Lahadi, musamman a farkon lokacin ɗumi: a kankare tsatsa a shafa fenti, a wanke gansakukar da danshi ke haifarwa a kan dabe, a cire ciyawa, a tsince fasassun kwalabe da kashin karnuka, a ƙara ɓawon itacen da ake zubawa ƙarƙashin lilo don ya tausasa faɗuwa. Wannan shi ne ya fi kama da gayyar da aka sani, har da ɗan shayi da abin taɓawa bayan an tashi.

Akwai na neman kuɗi: bikin shekara na gari, da sayar da kek, da gasar kacici-kacici, da tseren da ake ɗaukar nauyin masu gudu. Abin da ake tarawa ta nan kaɗan ne idan aka kwatanta da tallafi, amma shi ne shaidar da masu ba da tallafi ke dubawa. Sau da yawa ƙungiyar kan tara kuɗin ta miƙa wa majalisar ƙauye ta yi sayayyar, saboda majalisa na iya karɓo harajin saye na kashi 20 cikin ɗari da ta biya, abin da ƙungiyar sa-kai galibi ba za ta iya ba.

Na uku shi ne dubawa, kuma shi ne mafi nauyi duk da ba a cika ganinsa ba. Ƙa'idar Turai ta EN 1176, wadda Birtaniya ke bi, ta tsara dubawa hawa uku: ta ido da ake yi a kai a kai, da ta gwada kayan duk bayan wata ɗaya zuwa uku, da babbar dubawa ta shekara wadda ƙwararre daga waje ke yi, kamar masu duban da ke aiki da sunan ƙungiyar rigakafin haɗurra ta RoSPA. Ɗan sa-kai ne kan riƙe littafin duban mako. Yana jijjiga turakun katako don gano wanda ya fara ruɓewa daga gindi, yana duba zoben sarƙar lilo da ya siranta, da notin da ya kwance, da ratar da za ta iya kama kan yaro ko yatsansa. Idan yaro ya ji rauni aka kai ƙara, wannan littafin kamfanin inshora zai fara nema, domin wata doka ta 1957 ta ɗora wa mai riƙe da wuri alhakin lafiyar masu shigarsa.

Amfanin da aka samu

Amfani na farko shi ne filayen sun ci gaba da zama a buɗe. Kayan wasan da aka bari ba kulawa ƙarshensu a cire su, domin hukuma ta fi son fili babu lilo a kan lilon da zai jawo mata shari'a. Gyara kan kari yana ƙara wa kaya shekaru, kuma gwangwanin fenti ya fi sabon ƙarfe arha nesa ba kusa ba.

Na biyu, kayan da ake saya sun fi dacewa da buƙata. Masu neman kuɗin iyayen yaran ne, sukan kuma je makarantar firamare su tambayi yara abin da suke so. Ta haka aka samu ƙarin lilo mai kwando wanda yaro mai naƙasa zai iya kwanciya a ciki, da majuyi mai daidai da ƙasa wanda keken guragu ke iya hawa, da hanyoyin da keken jarirai zai bi ba tare da ya kafe a laka ba.

Na uku, aikin yana haɗa mutane. Baƙon da ya tare a sababbin gidajen bakin gari da tsohon da aka haifa a garin kan haɗu a kan buroshin fenti ɗaya. Wurin da ake ganin hannun jama'a a kansa kullum, ɓarna ba ta daɗewa a cikinsa ba a gani ba. Wasu daga cikin waɗanda suka fara da kwamitin fili sukan ƙarasa a matsayin kansilolin ƙauye, abin da ke cike gurbin da majalisu da yawa ke fama da shi na rashin 'yan takara.

Inda gayya ke gazawa

Babbar illa ita ce rashin daidaito. Cike takardar neman tallafi na buƙatar lokaci, da iya rubutu, da sanin lissafi. Ƙauyen da ke da akanta ko lauya da ya yi ritaya, da iyaye masu sarari, shi ke cin tallafi bayan tallafi. Ƙauyen da iyayensa ke aikin dare ko aiki biyu, kamar tsofaffin garuruwan haƙar kwal na arewa, yana iya rasa wanda zai zauna ya rubuta. Kuɗin masu gini ma inda ake gina gidaje yake zuwa, wato inda kasuwar gidaje ke da ƙarfi. Sai ya zama yaran da gidajensu ke da lambu su ne ke samun sabon fili, waɗanda ba su da wurin wasa kuma a bar su da tsohon ƙarfe.

Illa ta biyu ita ce giɓin da ke tsakanin gini da kulawa. Yawancin tallafi na sayen sabon abu ne, ba ya biyan inshora, ko kuɗin duban shekara, ko yankan ciyawa. Ranar buɗe sabon fili kowa yana nan, ana ɗaukar hoto. Bayan wasu shekaru daben roba ya fara tsukewa yana tsagewa daga gefe, katako ya fara ruɓa, asusu kuma babu komai. Kowane sabon abin wasa bashin gyara ne da aka ɗauka wa na baya.

Illa ta uku ta shafi mutanen kansu. Mahaifi kan shiga kwamiti ne sa'ad da ɗansa ke da shekara uku ko huɗu, ya janye idan yaron ya shiga sakandare. Aikin yakan koma kan mutum biyu ko uku, kuma idan suka gaji ko suka ƙaura sai su tafi da sanin inda takardu suke da yadda ake neman kuɗi. Tsoron alhakin doka ma na hana wasu karɓar matsayin amintacce. Akwai kuma ayyukan da kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa a kansu, domin gyaran da aka yi da kayan da ba na asali ba yana iya fitar da abin wasa daga ƙa'ida. Haka nan, tun da iyayen ƙananan yara ne suka fi yawa a kwamiti, akan manta da matasa, musamman 'yan mata, waɗanda suka wuce shekarun zamiya amma ba su da inda za su zauna.

Abin da ke sa aikin ɗorewa

Wasu sassan Birtaniya sun ɗauki wata hanya. Dokar yara da iyali ta yankin Wales ta 2010 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su auna ko yara na da isassun wuraren wasa, su kuma samar da su gwargwadon iko. Sikotland ta sanya irin wannan awo a dokar tsara ƙasa ta 2019, gwamnatinta kuma ta yi alƙawarin fam miliyan 60 a 2021 don sabunta filayen wasa. Dukkansu sun dogara ne da sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wanda ya ɗauki wasa a matsayin haƙƙi. A can ma 'yan sa-kai na aiki, sai dai akwai hukumar da doka ta ɗora wa alhakin lura da inda aka samu giɓi.

A Ingila, filayen da suka fi ɗorewa su ne waɗanda aka raba wa aiki a rubuce. Majalisar ƙauye ta riƙe mallaka da inshora, ta biya ƙwararren mai duba, ta kuma ware wani abu kowace shekara a asusun sauya kaya tun kafin su tsufa. 'Yan sa-kai su ɗauki tsabta, da fenti, da duban mako, da neman kuɗin ƙari, tare da horo da jadawalin karɓa-karɓa, da jawo sababbin iyaye kafin na da su janye. Gayya na rage tsadar riƙon fili, tana kuma kyautata shi. Kuɗin da ke zuwa kowace shekara da alhakin doka kuwa sai hukuma mai ɗorewa ce ke iya ɗaukarsu, kuma a ƙauyukan da ba su da masu sarari, wannan kaso na hukuma shi ke yanke ko yara za su samu wurin wasa.