Gargaɗi Ga Jihohi: Ku Ware Kuɗin Annoba Kafin A Rufe Kasafi

Gwamnoni, kwamishinonin lafiya da na kasafi, da ku 'yan majalisun dokokin jihohi: kada ku bari kasafin kuɗin baɗi ya wuce ba tare da an ware kuɗin annoba ba. A ware shi da sunansa, a sake shi tun farkon shekara, a ajiye shi inda ma'aikatar lafiya za ta iya taɓa shi cikin kwana ɗaya. Jihar da ta dogara da agajin Abuja tana wasa da rayukan mutanenta.

Ku tuna Kano a watan Afrilu na 2020. Masu haƙa kabari ne suka fara kokawa kan yawan gawarwakin da ake kai musu, kafin hukuma ta ce uffan. Ɗakin gwajin korona na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya tsaya cik na kwanaki, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Gwamnatin Ganduje ta roƙi tarayya naira biliyan 15, alhali Legas ta riga ta karɓi biliyan 10. Ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya sa wa jihar dokar kulle ta mako biyu. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya faɗa wa ƙasa cewa an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Malamai da dattawa da yawa sun tafi ana tsaka da musayar takardu tsakanin Kano da Abuja.

Abin da ya kamata ya hana ku barci shi ne, Abujar da ake jira ita ma tana cikin halin ni-'yasu a lokacin. Farashin mai ya faɗi warwas, har gwamnatin tarayya ta sauke ma'aunin gangar mai a kasafinta daga dala 57 zuwa 28. Kason wata-wata ya ragu, jihohi suka koma suna yanke kasafinsu a tsakiyar shekara. Babbar annoba takan rufe kasuwa, ta tsayar da haraji, ta kuma tsuke aljihun mai bayarwa, duk a wata guda. Agajin da ya iso ma, wani a sito ya kwana: a Oktoban 2020 kowa ya ga jama'a suna fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Kaduna da Jalingo.

Kada wani ya ce ai korona ta wuce. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,600 a Najeriya, Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna kan gaba wajen yawan masu kamuwa. Sanƙarau ya ci rayuka sama da 1,000 a 2017, kuma daga Zamfara ya faro. Mashaƙo ya yi wa yaran Kano ɓarna a 2023. Dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024, Maiduguri ta cika da ruwa, amai da gudawa suka biyo baya. Da rani ana fama da sanƙarau da zazzaɓin Lassa, da damina kwalara. Kowane jami'in lafiya ya san wannan jadawalin, don haka ba wanda zai ce ba-zata aka yi masa.

Babu uzurin rashin kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason jihohi ya ƙaru sosai, su kuwa masu ba da agaji daga waje, Amurka a kan gaba, sun janye hannu ƙwarai a 2025. Alkawarin da ƙasashen Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 ya ce kashi 15 cikin ɗari na kasafi ya tafi ga lafiya. Amma rubuta adadi a takarda ba wuya; sakin kuɗin shi ne magana. Kuɗin da ke jiran sa hannun mutum biyar ba zai sayi ledar ƙarin ruwa ga yaron da gudawa ke neman kashewa kafin asuba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka, 'yan majalisa, ku tambayi kwamishina a gaban jama'a: nawa aka ware bara, nawa aka saki, me aka saya? Ku tabbatar jiha ta cika nata sharuɗɗan cin gajiyar asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa. A tanadi ruwan ƙari, gishirin haɗi, sinadarin tsabtace rijiyoyi da man motar jami'an sa ido na ƙananan hukumomi tun yanzu.

Ku kuma sarakuna, limamai, ƙungiyoyin unguwa da 'yan jarida, ku halarci zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Ku kira wakilinku a waya, ku ce ya nuna muku layin kuɗin annoba. In babu shi, ku matsa masa ya sa kafin gwamna ya rattaba hannu.