Lambu A Cikin Ruwa: Yadda Ake Tsara Akwatin Kifi A Dasa Shi

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani abu da wasunmu za su ɗauka wasan yara ne, ko kuwa ƙawar masu hannu da shuni, wato dasa lambu a cikin akwatin gilashi mai ruwa, wanda Turawa ke kira akwariyom. Muna roƙon mai karatu ya yi mana haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci.

Abin da ya jawo mu ga wannan batu shi ne halin da muke gani a aji. Yaro yakan haddace cewa tsiro yana fitar da iskar oksijin idan haske ya same shi, ya rubuta a jarrabawa, ya ci, alhali bai taɓa ganin haka da idonsa ba. Yawancin makarantun unguwanninmu ba su da ɗakin gwaje-gwaje. Amma ranar da yaron ya ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ganye a cikin ruwa, jere kamar tsakiya, to, daga ranar ba ya bukatar hadda. Gani ya kori ji.

Asalin abin

A shekarar 1850 wani masanin harhaɗa magunguna a Landan, mai suna Robert Warington, ya nuna cewa idan aka haɗa kifi da tsiron ruwa da dodon koɗi a cikin mazubi ɗaya, kowannensu zai taimaki ɗan'uwansa, ruwan kuma ya daɗe bai lalace ba. A 1853 aka buɗe gidan kifi na farko domin 'yan kallo a gidan namun daji na Landan. Daga baya mutanen Holan suka mai da hankali ga tsiron fiye da kifin, suna jera shi kala-kala kamar fangalin furanni.

Wanda ya sauya abin baki ɗaya shi ne wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan, Takashi Amano, wanda aka haifa a 1954 ya rasu a 2015. Shi ya koya wa duniya cewa a dubi yadda dutse da itace suke kwance a bakin rafi, a kwaikwayi wannan a cikin gilashi. Kamfanin da ya kafa ya fara wata gasa ta duniya a 2001, inda masu wannan aiki ke aika hotunan akwatunansu. A shekarar da ya rasu ya kammala wani babban aiki a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, mai tsawon mita 40, mai cin ruwa lita 160,000.

Namu ne ake sayar mana

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, wasu daga cikin tsirran da aka fi so a wannan sana'a daga ƙasarmu Kamaru suka fito. Akwai wani mai kauraren ganye kore shar da ake kira Anubiyas. Ƙaramin nau'insa, wanda ake ce wa nana, asalinsa rafukan da ke kewayen Limbe ne. Cikakken sunan jinsin, Anubias barteri, an ba shi ne don tunawa da Charles Barter, masanin tsirrai da ya raka Dakta Baikie a tafiyarsa ta kogin Kwara a 1857, ya kuma rasu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Akwai kuma Crinum calamistratum, mai dogon ganye siriri a nannaɗe, daga yammacin ƙasar nan, da Bolbitis, mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda ke manne wa duwatsu a rafukan Afirka. Hatta badon da muka yi ta tona a tafki muna yara, akwai mai jan ganye da ake sayarwa a kantunan Turai. A yau ana renon waɗannan tsirrai a gonakin Denmak da Holan da Singafo, a sa su a leda, wani lokaci har su dawo mana Duwala da Yawunde da tsada, mu kuwa 'ya'yanmu ko sunansu ba su sani ba.

Kuskurenmu na farko

Kada mai karatu ya ɗauka mun iya ne tun farko. Shekarar da muka fara, mun haɗa akwati a ajinmu, muka cika shi da ruwan famfo da safe, da la'asar muka zuba kifi goma sha biyu. Yara suka yi ta murna, kowa yana kawo gutsuren burodi. Kafin mako ya zagayo ruwa ya yi fari kamar tsarin kunu, kifin suka taso sama suna haki, suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya da muka ɗora wa alhakin ba su abinci ta zo tana hawaye ta ce, "Malam, ni na kashe su ko?" Muka ce mata, "A'a 'yata, laifin malam ne, gaggawa ya yi." Wannan tambaya ce ta sa muka koma muka yi karatu. Ga abin da muka koya, daki-daki.

Akwati da mazauninsa

Ga mai farawa, akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 ya isa. Idan aka ninka waɗannan lambobi za a sami lita 54, kuma wannan kansa darasin lissafi ne. Kada a zaɓi ƙarami ainun, domin ruwa kaɗan shi ya fi saurin ɓaci. Mai yanka gilashin taga zai iya yanka muku mai kaurin milimita 6, a haɗa da silikon, amma a tabbata ba irin na banɗaki ba ne wanda aka sa wa maganin fumfuna, don yana kashe kifi. A bar shi ya bushe sosai, a gwada shi da ruwa a tsakar gida kafin a shigar da shi ɗaki.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan aka ƙara gilashi da yashi da duwatsu, nauyin zai kai wajen kilo 70. Saboda haka a nemi tebur mai ƙarfi wanda ba ya karkace, a shimfiɗa siririn soso a ƙarƙashi. A nisanta shi daga taga, domin rana tana ɗumama ruwa tana kuma hayayyafa gansakuka. Wayar lantarki kuwa a ɗaga ta inda ruwa da hannun yara ba za su kai ba.

Ƙasa, dutse da itace

A fara shimfiɗa ƙasar lambu wadda ba a sa wa takin zamani ko maganin ƙwari ba, kaurin santimita 2, a rufe ta da wankakken yashin rafi mai ɗan girman ƙwaya, santimita 3. Wata masaniya 'yar Amurka, Diana Walstad, ta bayyana wannan hanya mai sauƙin kuɗi a littafinta na 1999. A tudanta yashin ta baya ya fi na gaba, don ido ya ga kamar wurin yana da zurfi.

Kowane dutse a ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a jikinsa, zai sauya ruwan, sai a ajiye shi. Itace kuwa a nemi busasshe ƙayau, mai tauri, marar ɓawo da ƙaro, a tafasa shi ko a jiƙa shi makonni har ya nutse da kansa. Idan ruwa ya ɗan yi kalar shayi daga baya, ba abin tsoro ba ne.

A nan ne gwaninta take. Kafin a zuba ruwa ko ɗigo, a tsaya a jera duwatsu a busasshen akwati, a ja da baya a duba, a sake. Masu bin tsarin Japan sukan ɗauki duwatsu uku ko biyar, duk iri ɗaya, guda ya fi sauran girma. Babban ba a tsakiya ake sa shi ba. A raba tsawon akwatin gida uku a ido, a kafa shi a kan ɗaya daga cikin layukan biyu, a ɗan karkata shi kamar ruwa ne ya tura shi, ƙananan su bi shi. A bar wani fili ba komai, kamar yadda ake barin tsakar gida, don kifi su sami wurin yawo ido kuma ya huta.

Dashe

Gajerun tsirrai a gaba, matsakaita a tsakiya kewaye da duwatsu, dogaye a baya. Anubiyas da Bolbitis suna da wani kara mai kauri da ke kwance, wanda ganye da saiwa ke fitowa daga jikinsa. Idan aka binne wannan kara ruɓewa zai yi. Ɗaure shi ake yi da zare a jikin dutse ko itace, bayan 'yan makonni saiwar ta kama da kanta. Bado da Crinum a dasa su a bar saman gindinsu a waje. Ganyen badon da ya nufi sama a riƙa yanke shi, in ba haka ba zai rufe wa na ƙasa haske.

Anubiyas ba ya son haske mai yawa, amma yana da nawar girma. Saboda haka a haɗa shi da masu saurin girma, su shanye dattin ruwa kafin gansakuka ta samu. Kainuwa dashen Allah tana wannan aiki sosai, muddin ba a bar ta ta mamaye saman ruwan ba. A dasa da yawa tun ranar farko. Wajen zuba ruwa a ɗora faranti a kan yashi a zuba a hankali, kada ƙasa ta tashi. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti don kilorin ya fita, ko a sa masa maganin da ake sayarwa don haka. Fitila kuwa awa 6 zuwa 8 a rana ta wadatar.

Haƙuri kafin kifi

Ga abin da ya kashe kifinmu. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin yashi da sosan injin tace ruwa, su ke mai da amoniya ta zama naitirait, wasu kuma su mai da wannan ya zama naitiret, wanda tsiro ke sha kamar taki. A sabon akwati waɗannan ƙwayoyi ba su yi yawa ba tukuna, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6. Saboda haka a bar lambun ya zauna wata guda ko fiye, sa'an nan a fara sa kifi biyu ko uku, a ƙara a hankali. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Karfasa da tarwaɗa na tukunya ne, za su tone dashen su kuma fi ƙarfin akwatin. Ƙananan kifi shida zuwa takwas, irin su gufi, sun isa. Wanda ya ɗan ƙware, yana kuma da akwati mafi girma, zai iya gwada mace da namiji na kiribensis, kifi mai jan ciki wanda sunansa na kasuwa ya samo asali daga garin Kiribi. Idan aka kife musu ɓarin kwakwa sukan yi ƙwai a ciki, su fito suna kora 'ya'yansu kamar makiyayi da garke. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo. Sosan injin kuma da tsohon ruwan akwati ake wanke shi, don na famfo zai kashe ƙwayoyin nan masu amfani.

Gargaɗi uku

Na farko, zafi. Waɗannan kifi da tsirrai sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28. A Garwa da Marwa zafin Maris da Afrilu yakan wuce 40. A buɗe murfi, a juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwa, a cike abin da ya ƙafe. Idan an ɗauke wuta ta daɗe, a rage abinci, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama don iska ta shiga.

Na biyu, tsargiya. Dodon koɗin da ke ɗauke da wannan cuta yana maƙalewa a jikin tsirran tafki da rafi, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. Kada a aiki yara su shiga ruwa neman tsiro. Babba ya ɗebo da safar hannu, a tsince dodon koɗi da ƙwansa, a ajiye tsiron a wani bokiti dabam na 'yan makonni ana dubawa. Kada kuma a yi wa rafi ƙarƙaf, reshe ɗaya ko biyu za su yaɗu. Maganar sauro kuwa, kifin da ke ciki su ke cinye tsutsarsa, amma akwatin da ba a sa wa kifi ba tukuna a rufe shi da yankin gidan sauro.

Na uku, kada a zubar da kifi ko tsiron akwati a rafi ko lambatu. Wanda ya ga yadda baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Amurka ta Kudu, ta addabi masunta a kogin Wuri na Duwala ya san abin da muke nufi. Don ado aka fara yaɗa ta a duniya. Abin da aka yanke a shanya shi ya bushe, ko a ba maƙwabci ya dasa a nasa akwatin.

A karo na biyu mun jira mako biyar cur, yara suna ta ƙorafi, suna rubuta zafin ruwa a allo kowace safiya. Yarinyar nan ita muka sa ta saki kifi na farko, kuma har aka yi hutun ƙarshen shekara ba wanda ya mutu. Muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da ƙungiyoyin iyayen yara su gwada wannan, ko da akwati ɗaya ne a makaranta. Wanda ya fara kuma ya ci karo da wata matsala, ya rubuto wa wannan fili, za mu amsa gwargwadon saninmu. Sai mun sadu a wata mai zuwa.