Maganaɗisun da ke cikin fankarka

Idan fanka ko sumon rijiyar burtsatse ya tsaya a Kubwa ko Nyanya, maganar mai gyara ɗaya ce: koyil ya ƙone, sai an sake naɗi. Koyil ɗin nan maganaɗisu ne, amma irin wanda ba ya jan ƙarfe sai wutar lantarki ta bi ta cikinsa.

A 1820 Hans Christian Oersted, ɗan ƙasar Denmak, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa idan aka kusanto ta da wayar da wuta ke bi. Bayan 'yan shekaru William Sturgeon na Ingila ya nannaɗe waya a jikin lanƙwasasshen ƙarfe, ya sa mata wuta, ƙarfen ya ɗaga nauyin kusan kilo 4. Da ya yanke wutar sai ƙarfen ya saki kayan. Amfanin ke nan: maganaɗisu ne da ake iya kunnawa da kashewa, kuma ƙarfinsa na ƙaruwa da yawan naɗi da yawan wuta.

A cikin fanka an jera irin waɗannan naɗe-naɗe a da'ira. Wutar gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, don haka jan yana zagayawa daga wannan naɗi zuwa wancan, ƙarfen tsakiya kuma yana binsa. Lasifikar masallaci, kik ɗin motar da makanikan Apo ke kwancewa kullum, da na'urar MRI ta asibiti, duk 'yan gida ɗaya ne. A madatsar Shiroro kuwa juya aikin ake yi: ruwa ke juya maganaɗisun, wuta ta fito.

Ka tsaya wurin mai naɗi ka gani. Wayar jan ƙarfen da yake ƙirgawa zagaye bayan zagaye ba tsirara take ba, an shafe ta da siririn fenti mai sheƙi don kada zagaye ya taɓa ɗan'uwansa. Idan wuta ta zo ƙasa-ƙasa, injin yakan yi ta gurnani yana zuƙar wuta fiye da kima, wayar ta yi zafi, fentin ya narke, naɗin ya haɗe. Warin ƙonar da kake ji ke nan. Mutane sun fi tsoron wuta mai ƙarfi, alhali mai rauni ma tana cin injuna. In ka ga ƙwan ɗaki ya dushe, kashe sumon tukuna.