Lambun Hunturu Da Namun Daji A Ƙasar Gaya Da Ajingi

A Ingila in ɗari ya shigo, mai lambun masaukin baƙi ya kan rataye magirbinsa, gama ƙasa ta daskare, sai dai ya riƙa zuba wa tsuntsaye tsaba har sanyi ya wuce. Mu kuwa a nan, sa'ad da hazo ya rufe gari, a sa'an nan ne lambu ke yin kyau. Tumatir da albasa da latas da alkama duk sanyin dare su ke so, shi ya sa mai hankali ya kan yi yayyafin iri tun cikin Oktoba, ya fara tsinka a Janairu.

Mun ga haka da idonmu da muka sauka a wani ɗan masauki a gefen garin Gaya. Ba sai mun tuna wa malamai darajar garin nan ba. Tarihin Kano ya ce daga nan ne Abagayawa maƙera suka tashi neman tama har suka zauna a Dutsen Dala. Amma ba tarihi ya kai mu ba.

Bayan masaukin akwai lambu wanda bai kai eka guda ba, an kewaye shi da shingen zogale da lalle. Wani dattijo ke kula da shi. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, ya bar kusurwa guda ba ya taɓa ta, ciyawa da karmami sun taru a gindin wani gawo. Da farko mun ɗauka lalaci ne. Ashe nan ne makwancin bushiya, wadda ke fitowa da dare tana cin tsutsotsi. A bakin kwarin ruwa ga kwaɗi, su ma ƙwari ne abincinsu. A kogon wata kuka kuma akwai mujiya, ya hana yara jifarta. Jama'a na ƙin tsuntsuwar nan saboda camfi kawai, alhali kuwa ɓeraye ta ke farauta kowane dare, ba ta neman lada. Gawon ma da dalilinsa: da damina ya ke kaɗe ganye, da rani ya ke tohowa, watau ya na ba da inuwa da furen da zuma ke bi a lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara.

Ba mu ce dukan namun daji abokan mai lambu ba ne. Kurege ɓarawo ne, gafiya ta fi shi, jan baki kuwa in ya sauka a gonar alkama sai addu'a.

Daga Gaya muka nufi Ajingi, wajen fadamun kogin nan da ya bi ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Kogin ba kamar yadda kakanninmu suka san shi ya ke ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ta kan shimfiɗa sabuwar laka kowace shekara ta ragu, ko da ya ke ruwan rani ya samu. Jigo ya ɓace, injin ban ruwa ya gaje shi. Da safe balbela na bin mai huɗa, zalɓe na tsaye a bakin ruwa. Waɗansu ƙananan tsuntsayen da a ke gani cikin fadama baƙi ne daga Turai, sun ƙetaro Sahara gudun ɗari, waɗansunsu kuwa dausayin Haɗeja da Nguru su ke nufa.

A nan ne muka ga abin da bai gamshe mu ba. Samari na fesa maganin ƙwari da hantsi, daidai lokacin da zuma ke kan fure, sa'an nan su wanke tukunyar feshin a cikin kududdufi. Mun san abin da ya tsorata su. A 2016 wata tsutsa mai asali daga Amurka ta Kudu ta cinye tumatirin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, manoma da yawa suka tashi ba ko kwabo. Amma tsutsar nan ta kan saba da magani in an yawaita mata iri ɗaya, zuma da kwaɗo ne ba su sabawa. Kabewa da kankana kuwa ba su yin 'ya'ya sosai sai ƙwari sun kai musu garin fure. Ƙara da wannan ga ƙunar daji saboda zomo guda ko fakara biyu, wadda kan haɗa da shingen lambun maƙwabci. Dokar kare namun daji ta Jihar Arewa tun 1963 aka kafa ta, amma a ƙauye da wuya a sami wanda ya taɓa jin labarinta.

Roƙonmu ga malaman makarantun Gaya da Ajingi shi ne su raya lambun makaranta a hunturun nan, su bar kusurwa guda kamar ta dattijon can, su sa yara su rubuta sunan kowane tsuntsu da ranar da suka fara ganinsa. Akawunan ƙananan hukumomi kuma, in sun fita rangadi, su gaya wa dagatai a riƙa jinkirta feshi sai da yamma lis, bayan zuma ta koma amya.