Tsofaffin Kayan Dukanci a Matsayin Tushen Fasalta Kayan Fata na Zamani a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda tsofaffin kayan dukanci, irin su gafaka da zabira da tandu, za su zama madogara ga masu ƙirƙirar jakunkuna da takalma a yau. Maƙalar ta nuna cewa gadon da ke cikin waɗannan kaya ya ƙunshi siffa da jima da launi da dabarun ado, don haka kwaikwayon zane kaɗai ba ya wadatarwa.

Fitilun Kalmomi: Dukanci, Jima, Gafaka, Kayan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Jima da dukanci suna daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa. Tun a ƙarni na 16 Leo Africanus ya ambaci takalman Gobir da ake kaiwa Tambutu da Gawo. Haka kuma Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan hajojin birnin. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta riƙa ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, inda Turawa suka saye ta suna kiranta fatar Maroko. A yau kuwa, akasarin fatar da masana'antun Sharaɗa da Challawa ke jemewa fitar da ita ake yi zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen, a can ne ake mayar da ita jaka da takalmi, kuma a can ribar take tsayawa. Wannan ne ya sa komawa ga tsofaffin kaya domin samo fasali na gida ya zama abin bukata.

2.0 Siffa da Amfani

Kowane tsohon kayan fata an yi shi ne domin biyan wata bukata, kuma bukatar ce ta haifar da siffarsa. Gafaka, alal misali, an yi ta ne domin adana Alƙur'ani rubutun hannu wanda warƙoƙinsa a warware suke cikin tadarishi. Saboda haka take da kusurwa huɗu, da marfi mai rufe baki don kare ƙura, da maratayi. Wannan tsari ya dace da jakar kwamfutar hannu ko ta takardun ofis. Zabirar wanzami kuwa tana da aljihuna domin asake da sauran kayan aiki, wanda darasi ne ga mai tsara jakar hannu. Shi kuma tandu, ana lulluɓa ɗanyar fata ne a kan sifar yumɓu, idan ta bushe sai a fasa yumɓun a zazzage shi. Ta haka ake samun mazubi marar ɗinki, dabarar da za ta yi amfani wajen yin gidan tabarau ko na turare.

3.0 Jima da Launi

Majeman gargajiya sukan jiƙa fata cikin ruwan toka domin cire gashi, sannan su jeme ta da bagaruwa. Fatar da aka jeme da tsirrai tana karɓar tambari da zane, kuma launinta yana ƙara nuna idan ta daɗe a hannu, saɓanin wadda aka jeme da sinadarin kurom. Ana samun ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko, kore kuma daga garin tagulla. Haɗuwar waɗannan launuka ita ke sa a shaida aikin Bahaushe tun daga nesa.

4.0 Dabarun Ado

Dukawa sukan tsaga saman jar fata da wuƙa su ɓare shi, sai zane ya fito fari a cikin ja. Sukan kuma ɗora wata fata a kan wata, ko su yi ɗinki da siraran zaren fata, ko su saki geza. Ana ganin waɗannan dabaru a jikin tumtum da kube da kayan doki. Mai fasali zai iya nazarinsu a Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, da kuma lokacin hawan sallar Kano, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024.

5.0 Ƙalubale

Sau da yawa akan manna dagi a jikin jakar da siffarta baƙuwa ce, a ce an yi kayan gargajiya, alhali an bar ainihin hikimar a baya. A ɗaya ɓangaren, wasu rinin gargajiya suna zuba idan ruwa ya taɓa su, fatar da ba ta jemu sosai ba kuma takan yi wari. Magance waɗannan yana bukatar haɗin gwiwa tsakanin majema da cibiyoyin bincike irin su NILEST da ke Samarun Zariya.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsofaffin kayan dukanci taska ce ta siffa da launi da dabara. Tana ba da shawarar a auna waɗannan kaya, a ɗauki hotunansu, a rubuta sunayen zanensu daga bakin tsofaffin dukawa tun suna raye, sannan a shigar da su cikin manhajar koyar da fasali. Ya kuma kamata a riƙa ambaton garin da fata da aiki suka fito, domin kada sunan ya sake komawa ga wata ƙasa kamar yadda ya faru da fatar Maroko.