Farar Hodar Titaniyam da Ƙwaƙwalwar Ɗan'adam

Da wuya a sami gidan da babu sinadarin titaniyam dayoksaid a cikinsa. Wata hoda ce fara sol da ake tacewa daga ma'adinai, ana zuba ta a fenti, da man goge baki, da man kare fata daga rana, da rufin ƙwayoyin magani. A jikin kwalin alewa ko cingam kuwa, lambarta ita ce E171. An daɗe ana ɗaukarta a matsayin abin da ba ya cutarwa, domin ba ta narkewa a ruwa.

Abin da ya sa masana suka sake nazari shi ne ƙanƙantar ƙwayoyinta. Wasu daga ciki ba su kai nanomita 100 ba, nanomita ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya idan an raba mita gida biliyan. Kaurin silin gashin mutum kan kai nanomita 80,000. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Ƙwayar da ta kai wannan ƙanƙanta tana iya shiga inda babba ba ta shiga.

Ƙwaƙwalwa tana da shinge a bangon jijiyoyin jininta, wanda ke tace abin da zai isa gare ta. Amma jijiyar jin ƙamshi ta tashi ne daga rufin hanci ta miƙe zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta bi ta wannan shinge ba. A 2008 masana a ƙasar Sin suka ɗiga wa ɓeraye ƙwayoyin a hanci, daga baya suka same su a hifokamfas, wato sashen da ke adana abin da aka koya. A 2009 wasu a Japan suka yi wa ɓeraye masu ciki allurarsu, suka kuma gan su a ƙwaƙwalwar 'ya'yan.

Idan ƙwayoyin suka isa can, dakarun da ke gadin ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira maikurogiliya, sukan haɗiye su, su yi ta fitar da wani nau'in iskar oksijin mai ƙuna. In abin ya daɗe sai kumburi ya biyo baya, ƙwayoyin jijiya su lalace. An ga ɓerayen da aka yi wa irin wannan gwaji suna mance hanyar da suka koya.

Sai dai ya kamata ɗalibi ya lura da cewa dabbobi aka yi wa waɗannan gwaje-gwaje, kuma sau da yawa adadin ya ninka abin da mutum ke gamuwa da shi. Lafiyayyar fata ma ba ta barin hodar ta ratsa. Shi ya sa hukumomi suka sha bamban. Faransa ta hana sa E171 a abinci tun 2020, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2022 bisa fargabar illa ga ƙwayoyin gado. Amurka kuwa ta yarda da shi muddin bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin abincin ba.

Wanda ya fi fuskantar hatsari shi ne mai shaƙar ƙurar kullum, kamar ma'aikacin masana'antar hodar, da mai feshin fenti, da mai kankare shi. Ga irin waɗannan, ingantaccen takunkumin hanci da wurin aiki mai wadatar iska su ne kariya ta farko.